Tarihin Ɗab'in Katako Mai Launi a Ƙasar Sin da Ma'anar Ƴaƴan Itatuwa a Zanensa

Gabatarwa

A shekarar 1633 aka kammala buga wani littafi a birnin Nanjing na ƙasar Sin mai suna Shizhuzhai Shuhuapu, wato kundin rubutu da zane na Zauren Gora Goma. An kasa littafin kashi takwas, aka keɓe kashi guda sukutum ga ƴaƴan itatuwa. Launin kowane ɗan itace a cikinsa yana tashi daga mai haske zuwa mai duhu sannu a hankali, tamkar yadda yake a jikin na gaske, har mai kallo ya ɗauka da alƙalamin gashi aka zana shi. Alhali kuwa hannun mai zane bai taɓa takardar ba. Da ƙananan allunan katako aka buga hoton, launi bayan launi.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a wannan littafi. Na farko shi ne dabarar ɗab'i, wadda ta ɗauki Sinawa ɗaruruwan shekaru kafin su ƙware a kanta. Na biyu shi ne ma'anar abin da aka buga, domin Basinen wancan zamani idan ya ga hoton rumman ko na lemo, yakan karanta shi kamar yadda ake karanta wasiƙar gaisuwa. Wanda bai san wannan karatu ba zai ga kayan marmari kawai, ya wuce rabin abin da ke kan takardar.

Asalin ɗab'in katako

Sinawa sun riga sun mallaki takarda da tawada da hatimi tun kafin su fara ɗab'i. Tarihinsu yana danganta kyautata sana'ar takarda ga wani bafade mai suna Cai Lun a shekarar 105 miladiyya. Ita kuwa tawadarsu, daga kunkunniyar itace ake haɗa ta da danƙo, a daskarar, sai in za a yi rubutu a niƙa ta da ruwa. Ɗab'in katako ya bayyana a zamanin daular Tang (618 zuwa 907), kuma mabiya addinin Buda na cikin waɗanda suka fi yaɗa shi, saboda imaninsu cewa yawaita kwafin nassi aikin lada ne.

Littafin ɗab'i mafi daɗewa da ya iso wannan zamani cikakke, ɗauke da kwanan wata, shi ne wani nassin addinin Buda da aka buga a shekarar 868. Naɗaɗɗiyar takarda ce mai tsawon kimanin mita 5, da hoto a farkonta. Wani mutum mai suna Wang Jie ne ya sa aka buga ta a madadin iyayensa domin a raba kyauta. An gano ta cikin wani kogo a Dunhuang wanda aka buɗe a 1900, Aurel Stein ya tafi da ita a 1907, yanzu tana babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Tsabtar hoton da ke farkonta ta nuna cewa sana'ar ta daɗe da kafuwa kafin wannan shekara.

Yadda ake aikin ba shi da wuyar fahimta. Marubuci zai rubuta shafi a kan siririyar takarda, a kife ta a kan allon katako da aka goge, a manna. Masassaƙi zai bi da wuƙa ya kwashe duk wurin da babu tawada, ya bar haruffa da layukan zane a tsaye. Mai bugu zai shafa tawada, ya ɗora takarda, ya murza bayanta, ya ɗaga. Matteo Ricci, limamin Kirista ɗan Italiya da ya rasu a Beijin a 1610, ya shaida cewa gwanin bugu yakan fitar da kwafi 1,500 a yini guda. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa haruffa masu motsi, waɗanda Bi Sheng ya ƙirƙiro da yumɓu a wajajen 1040, ba su kawar da allo ba. Rubutun Sinanci yana da haruffa dubbai, allo kuwa yana ɗaukar rubutu da hoto tare, ana kuma iya ajiye shi shekaru, a ɗauko a buga kwafi kaɗan duk lokacin da mai saye ya zo.

Itacen da aka fi sassaƙawa na itatuwa masu ƴaƴa ne, saboda tsokarsu a matse take, ba ta tsagewa a bakin wuƙa. Biyu suka fi shahara: li, wanda ɗansa dangin tuffa ne, da zao, wato magaryar Sin, ƴar'uwar magaryar da aka sani a ƙasar Hausa. Sunayen biyu a haɗe sun zama kirarin sana'ar ɗab'i baki ɗaya, har Sinawa suna da karin magana da ke kiran buga littafin banza masifa ga itacen li da bala'i ga magarya.

Shigowar launi

Da farko idan ana son launi, sai a buga layuka da baƙi, a bi da hannu a cike. Daga baya aka fara buga launi biyu. Akwai wani sharhin nassin Buda da aka buga da ja da baƙi a wajajen 1340, zamanin daular Yuan, wanda har yanzu yana nan. Amma sai a ƙarshen daular Ming (1368 zuwa 1644) launi ya bunƙasa, kuma dalilin bunƙasar yana da nasaba da arziki. Azurfa tana kwararowa daga Japan da nahiyar Amurka, biranen kudancin kogin Yangzi sun cika da attajirai, ƴan kasuwar Huizhou sun yi kuɗi a cinikin gishiri, kuma dubban ɗalibai suna taruwa a Nanjing domin jarrabawar shiga aikin gwamnati. An samu mutane masu kuɗi da ke son a gan su da ɗanɗanon malamai, amma ba su gaji zanen magabata a gidajensu ba.

An gwada hanyoyi da dama. Wasu sun shafa launuka daban-daban a kan allo guda suka buga sau ɗaya, kamar yadda aka yi a wasu shafukan kundin tawada na Cheng Junfang a farkon ƙarni na 17, sai dai launukan sukan cuɗe a inda suka haɗu. Iyalan Min da Ling na Wuxing kuwa sun keɓe allo guda ga kowane launi, suna buga matani da baƙi, sharhin malamai da ja ko shuɗi. Hanya ta uku ita ce ta warware matsalar zane. Ana kiranta douban. A nan ana yanyanka hoto zuwa ƙananan alluna, kowane ganye ko ɓangaren ɗan itace da nasa. Sunan ya samo asali daga wani faranti na ƙananan kayan zaƙi masu siffofi dabam-dabam da ake jerawa a gaban baƙi, domin allunan a kan teburi haka suke kama. Tare da ita akwai gonghua, wato bugun da babu tawada, inda ake danna takarda a kan sassaƙa har siffar gajimare ko fure ta taso tudu-tudu, fari a kan fari. Wu Faxiang ya yi amfani da dabarun biyu a kundin takardun wasiƙa da ya buga a Nanjing a 1626.

Hu Zhengyan da Zauren Gora Goma

Mutumin da sunansa ya fi manne wa wannan sana'a shi ne Hu Zhengyan, haifaffen Xiuning a yankin Huizhou, wanda ya rayu daga wajajen 1584 zuwa 1674. Ya yi aikin magani, ya ƙware a sassaƙar hatimi, sannan ya zauna a Nanjing ya buɗe maɗaba'a. Gorar da ya shuka a gaban ɗakin karatunsa ita ta ba wurin suna. Ya fara aikin kundinsa a wajajen 1619, ya tara zanen abokansa masu zane da na wasu magabata, aikin ya ci fiye da shekara goma. Sassan takwas sun ƙunshi gora, da furen mei, da furen lan, da duwatsu, da tsuntsaye, da ƴaƴan itatuwa, da zane cikin da'ira, da kuma sashen gauraye. A mafi yawansu kowane hoto yana tafe da waƙa cikin kyakkyawan rubutun hannu. Ɗinkin littafin ma na musamman ne: ana naɗe kowace takarda a tsakiya, a manna ta ta gindin naɗin, yadda hoto zai buɗe gaba ɗaya ba tare da zare ya ratsa shi ba. Sinawa suna kiran wannan ɗinki da sunan ƙwaron nan da Bahaushe ya raɗa wa malam-buɗe-littafi.

Matakan aikin uku ne. Na farko shi ne rarraba zane. Gwani zai ɗora takarda mai shara-shara a kan zanen asali, ya tantance launi nawa ke ciki, da inda mai zane ya fara da inda ya ƙare, ya kwafe kowane ɓangare daban. Na biyu shi ne sassaƙa, inda ake bukatar wuƙa ta kwaikwayi tafiyar alƙalamin gashi, har da wurin da tawada ta ƙare masa ya bar fari-fari. Na uku shi ne bugu, kuma nan ne aka fi gane gwani. Teburin bugu yana da tsaga a tsakiya. Ana ɗaure tarin takardu a gefe guda kada su motsa, a manne ƙaramin allo da danƙo a ɗaya gefen, daidai inda launinsa zai sauka. Mai bugu zai shafa launi, ya jawo takarda ɗaya, ya murza, ya sake ta ta faɗa cikin tsagar, ya jawo ta gaba. In ya gama da tarin duka sai ya cire allon, ya manna na biye, ya sake farawa. Hoto guda yakan bukaci bugu gommai, kuma kuskuren da bai kai faɗin tsinke ba a bugu na ƙarshe yana iya ɓata duk wahalar baya.

Launukan na ruwa ne, irin waɗanda masu zane ke amfani da su, daga tsirrai kamar shuni da kuma niƙaƙƙun duwatsu. Takarda sai an ɗan jiƙa ta. Sirrin tashin launi daga haske zuwa duhu yana cikin yadda mai bugu ke ƙara launi a gefe guda na allo da ɗan alƙalami, ya share wani gefen, sannan ya sassauta ko ya ƙara nauyin hannu wajen murzawa. Saboda haka babu kwafi biyu da suke daidai da juna. An ruwaito cewa Hu bai ɗauki masassaƙansa a matsayin ƴan ƙwadago ba, yana zama da su safe da yamma ana shawara. Duk da haka sunayen mafi yawansu sun ɓace, na masu zane da mawaƙa ne suka tsira a kan shafuka.

Ɗan itace ya dace da wannan dabara fiye da komai. Akwai salon zane da Sinawa ke kira marar ƙashi, wato wanda ba a zagaye siffa da baƙin layi, launi ne kaɗai ke fitar da ita. Jikin lemo ko na rumman dunƙulen launi ne mai juyawa daga kore zuwa rawaya zuwa ja, don haka nan ne ƙwarewar mai bugu ke bayyana, nan ne kuma kasawarsa ba ta da wurin ɓuya.

A 1644 Hu ya fitar da kundinsa na biyu, na takardun wasiƙa masu ado. A wannan shekara daular Ming ta faɗi a Beijin. Ragowar fadawa suka naɗa sarki a Nanjing, Hu ya sassaƙa masa hatimin mulki, aka yi masa tayin muƙami ya ƙi karɓa. A 1645 rundunar Manchu ta ci Nanjing, daga nan ya janye daga harkar jama'a har ƙarshen ransa. Littafinsa kuwa an ci gaba da buga shi fiye da shekara ɗari biyu. A 1679 aka fitar da kashi na farko na wani kundin koyon zane a Nanjing, mai suna Lambun Ƙwayar Mastad, sauran kashi biyu suka biyo a 1701. Littattafan biyu sun ƙetara zuwa Japan, inda masu zane suka yi karatu a kansu tun kafin Suzuki Harunobu ya shahara da hotuna masu cikakken launi a 1765.

Dalilin da ya sa hoto ke magana

Sinanci harshe ne mai karin sauti, kamar Hausa. Yadda Bahaushe ke bambanta wuya na jiki da wuya ta wahala da hawa da saukar murya, haka Basine ke yi, sai dai a nasa harshen abin ya fi yawa. Gaɓoɓin daidaitaccen Sinanci kimanin 400 ne kacal idan ba a lissafa karin sauti ba, saboda haka kalmomi masu yawa suna tarayya a furuci guda. Masu zane sun mayar da wannan hanya ta isar da saƙo. Jemage sunansa fu, albarka ma fu ce, don haka hoton jemage fatan albarka ne. Ma'anar ɗan itace takan zo ta ɗayan hanyoyi uku: kamancin suna, ko siffa, ko wani labari na da. Sau da yawa biyu ko ukun sukan haɗu.

Ƴaƴan itatuwa da abin da suke nufi

Tao, wanda Larabawa ke kira khaukh, ɗan itace ne mai laushi da gashi-gashi a fatarsa, kuma shi ne alamar tsawon rai. Tatsuniyar Sinawa ta ce Sarauniya Uwar Yamma, Xiwangmu, tana da lambun tao da ke nuna sau ɗaya a shekara 3,000, wanda ya ci ba zai mutu ba. Tsohon nan mai dogon goshi da ke wakiltar tsawon rai, da tao a hannu ake zana shi. Har yau a bikin cikar shekarun dattijo ana yin burodi mai siffar tao. Itacensa ma ana ɗaukarsa makarin aljanu, kuma tun da daɗewa ake rataye allunansa a ƙofa lokacin sabuwar shekara, al'adar da daga baya hotunan masu tsaron ƙofa na takarda suka gada.

Rumman baƙo ne a Sin. Daga yamma ya shigo a zamanin daular Han, kuma al'ada tana danganta zuwansa da na inabi ga tafiye-tafiyen manzo Zhang Qian a ƙarni na 2 kafin miladiyya. Kalmar zi tana nufin ƙwaya, tana kuma nufin ɗa, shi ya sa ake zana rumman a fashe, ƙwayoyinsa a waje. Tarihin daular Qi ta Arewa, ta ƙarni na 6, ya kawo labarin wata uwar amarya da ta miƙa wa sarki rumman biyu lokacin da ya ziyarci gidansu bayan auren ɗan ɗan'uwansa. Sarki bai gane ba ya jefar, sai malami Wei Shou ya bayyana masa cewa fatan yawan zuriya take yi. Wannan fata yana da nauyi a al'ummar da ɗa namiji ne ke ci gaba da hidimar kakanni da riƙe sunan gida, kuma nauyin a kan amarya yake sauka. Hoton rumman a ɗakinta addu'a ne, tuni ne kuma ga abin da dangin miji ke jira daga gare ta.

Foshou wani irin lemo ne da ƙarshensa ya rarrabu kamar yatsu, sunansa ma hannun Buda yake nufi. Ba shi da ruwa, ƙamshinsa ake so, malamai sukan ajiye shi a faranti cikin ɗakin karatu. Gaɓar farko ta sunansa tana kusa da fu, albarka, ta biyu kuwa daidai take da shou, tsawon rai. Idan aka haɗa foshou da tao da rumman a hoto guda, an sami abin da ake kira yalwa uku: yawan albarka, yawan shekaru, yawan ƴaƴa. Ana danganta tushen wannan ga wani labari a littafin Zhuangzi, inda wani mai gadin iyaka ya yi wa sarki Yao fatan tsawon rai da dukiya da ƴaƴa masu yawa. A labarin, Yao ya ƙi karɓar ko ɗaya, yana ganin ƴaƴa suna kawo fargaba, dukiya tana kawo ɗawainiya, tsawon rai kuma yana kawo wulaƙanci. Jama'a sun riƙe fatan mai gadi, suka bar wa masana amsar sarki.

Shi ɗan itace ne ja mai zaƙi, dangin kanya, girmansa kamar tumatir. Sunansa daidai yake da kalmar al'amari, don haka guda biyu tare da sandar ado da ake kira ruyi suna cewa al'amura duka su tafi yadda ake so. Lemon tanjarin, ju, yana kusa da ji, wato sa'a, shi ya sa ake kyautarsa a sabuwar shekara. Yana kuma tuna labarin Lu Ji, yaro ɗan shekara 6 da ya ɓoye lemo a rigarsa a gidan wani babban mutum domin ya kai wa mahaifiyarsa, labarin da ya shiga jerin misalan biyayya ga iyaye.

Lizhi, mai jan ɓawo da farar tsoka, ɗan kudu ne mai saurin lalacewa. Tarihi ya riƙe yadda ake tseren dawaki da shi zuwa fadar Tang saboda Yang Guifei, matar da sarki Xuanzong ya fi so, abin da ya zama misalin almubazzarancin masu mulki. A zanen fatan alheri kuwa sunansa yana kusa da kalmar riba. In aka haɗa shi da wasu ƴaƴa biyu masu siffar ƙwallo, guiyuan da wani irin goro mai tauri, saƙon ya koma na ɗalibai. Kalmar yuan tana nufin abu kewayayye, tana kuma nufin na ɗaya, ma'ana a zo na ɗaya a jarrabawar lardi da ta babban birni da ta fada. Mutane ƙalilan ne suka taɓa yin haka kafin a soke jarrabawar a 1905, amma fatan ya shiga gidaje da yawa.

A gadon amarya ana watsa magarya da gyaɗa da guiyuan da ƙwayar bado, domin sunayensu a jere suna ba da jimlar da ke fatan a haifi ɗa mai daraja da wuri. Tuffa tana tafiya da zaman lafiya saboda gaɓar ping. Ita kuwa li, wadda itacenta ya yi wa ɗab'i hidima, sunanta ya yi daidai da rabuwa, don haka masoya ba sa raba guda ɗaya su ci.

Ya kamata a lura cewa ba kowane ɗan itace a zane ne ke ɗauke da irin wannan saƙo ba. Shahararren zanen shi guda shida da ake danganta wa Muqi, malamin addinin Buda na ƙarni na 13, wanda ke wani wurin ibada a Kyoto, baƙar tawada ce zalla, kuma an fi kallonsa ta fuskar natsuwa da tunani. Kundin Hu ma littafin koyon zane ne da jin daɗin ido tun farko. Sai dai mai saye ya san ma'anonin, mai bugawa ma ya san ya sani.

Daga ɗakin malami zuwa bangon talaka

A farkon rabin ƙarni na 18 masu ɗab'i na birnin Suzhou, musamman iyalin Ding, sun riƙa buga hotuna ɗai-ɗai na furanni da tsuntsaye da kwandunan ƴaƴan itatuwa, da launi mai haske da bugun tudu-tudu, galibi da gajeriyar waƙa a gefe. Waɗannan na sayarwa ne ga mazauna birni domin ado da kyauta, kuma fatan alheri a cikinsu a fili yake. A ƙasa da su akwai nianhua, hotunan sabuwar shekara, waɗanda ake bugawa da yawan gaske a Taohuawu na Suzhou, da Yangliuqing kusa da Tianjin, da Yangjiabu a lardin Shandong, da Mianzhu a Sichuan. Kowane gari da salonsa. A Yangliuqing, misali, ana buga layuka sannan a cike fuskoki da hannu. Jariri mai ƙiba rungume da tao ko rumman yana cikin hotunan da manomi ke saye da ɗan abin da ya rage masa bayan girbi.

Arhar waɗannan hotuna ita ta jawo ɓacewarsu. Ana manna su a bango, hayaƙi ya ci su, shekara ta zagayo a yage a manna sabo. Hoton gunkin murhu ma ƙona shi ake yi da gangan kwanaki kaɗan kafin sabuwar shekara. Masu tara kayan tarihi a Sin ba su ɗauke su abin ajiya ba. Shi ya sa da yawa daga kyawawan hotunan Suzhou na farko a waje suka tsira: a Japan, da bangon wasu fadojin Turai, da kuma tarin Hans Sloane, wanda ya rasu a 1753, tarin da aka kafa gidan tarihin Birtaniya da shi.

Koma baya da farfaɗowa

A 1860 yaƙin Taiping ya isa Suzhou, unguwannin masu ɗab'i suka ƙone tare da alluna masu yawa. A ƙarshen ƙarni na 19 injunan ɗab'i irin na Turai suka kafu a Shanghai, suna fitar da hotuna masu launi cikin sauri da arha. Sana'ar hannu ta shiga mawuyacin hali. Marubuci Lu Xun da masani Zheng Zhenduo sun ga tana shirin mutuwa, suka tattara takardun wasiƙa masu ado daga shagunan Beijin suka buga kundi a 1933. A 1934 suka ɗora wa shagon Rongbaozhai aikin sake sassaƙa kundin Hu na 1644. Kwafin asali ya yi ƙaranci har sai da aka aro. Lu Xun ya rasu a 1936, Japan ta mamaye Beijin a 1937, aikin bai kammala ba sai 1941.

Bayan 1949 sabuwar gwamnati ta ba da umarnin a sabunta hotunan sabuwar shekara, gumaka suka ba da wuri ga manoma da ma'aikata, ko da yake jarirai da yalwar amfanin gona sun ci gaba da fitowa. A lokacin juyin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an lalata tsofaffin alluna da dama a matsayin kayan camfi. Rongbaozhai dai ya riƙe dabarar douban wajen kwaikwayon zanen magabata. A 1979 ya kammala kwafin wani tsohon zane na liyafar dare a gidan Han Xizai, wanda ya ci alluna 1,667, aka buga kwafi 35 kacal. A 2009 hukumar UNESCO ta sanya ɗab'in allon katako na Sin cikin jerin al'adun gado na ƴan'adam.

Kammalawa

Tarihin wannan sana'a ya nuna yadda zane, wanda a da mallakar fada da manyan malamai ne, ya sauko zuwa hannun ɗalibi da ɗan kasuwa, daga bisani ya isa bangon manomi. Ƴaƴan itatuwa sun yi wannan tafiya tare da shi domin abin da suke faɗa bukata ce ta kowa: lafiya, zuriya, tsawon kwana, cin jarrabawa da zaman lafiya. Ga mai nazari, hoto irin wannan yana bukatar tambaya uku: da allo nawa aka buga shi, yaya ake furta sunan abin da ke cikinsa, kuma wa aka yi nufin ya karɓe shi. A yau kwafin farko na kundin Hu Zhengyan kaɗan ne suka rage, kuma takardunsu sun yi rauni har ba a cika buɗe su ba. Ɗakin karatu na Jami'ar Kambirij a Ingila ya ɗauki hoton nasa kwafin shafi-shafi ya sanya a intanet a 2015, inda duk mai sha'awa zai iya duba sashen ƴaƴan itatuwa ya gwada karanta shi.